Amsa ga kocin da 'yan baya suka hana yaransa sakat

Wa'alaikumus salam, ƙanena koci. Na karanta tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai da na natsu. Ka ce yaranka 'yan ƙasa da shekara 17 ne, sun iya riƙe ƙwallo, sun iya fasin, amma duk ƙungiyar da ta zo ta tare gida da mutum takwas ko tara sai a tashi canjaras, ko ma a zura muku ɗaya a ƙarshen wasa ku koma gida da takaici. Kana tambaya ko ka canza tsari daga 4-3-3 zuwa 4-4-2. Ni dai na daɗe ina horar da yaran unguwa a filin makarantar firamare, irin filin da rabinsa yashi ne rabinsa tsakuwa, kuma wannan ciwon da kake faɗa na sha shi har na gaji. Amsata a taƙaice ita ce ka bar tsarinka yadda yake tukuna. Ba lambobin da ka rubuta a takarda ne suka hana ka cin ƙwallo ba.

Ka tuna wasan Sifaniya da Maroko a Kofin Duniya na 2022 a Qatar. Sifaniya ta yi fasin sama da 1,000 a cikin minti 120, ba ta ci ko ɗaya ba, Maroko ta fitar da ita a bugun fenareti. Su Walid Regragui sun bar musu ƙwallo su yi ta juya ta daga hagu zuwa dama a gaban mutum goma da suka jeru, babu wanda ya fita daga gurbinsa. Idan har 'yan wasa irin waɗannan za su maƙale, to yaranka ba su yi abin kunya ba. Abin da ya faru da su shi ne abin da ke faruwa da kai: ana kai kora ga ƙungiya gaba ɗayanta, alhali ba a cin ƙungiya gaba ɗaya. Mutum ɗaya ake ci, ko wuri ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikinka na koci shi ne ka gano tsagar kafin a tafi hutun rabin lokaci.

Saboda haka minti 15 na farko ka daina bin ƙwallo da ido. Na san da wuya, ni ma sai da na yi shekaru kafin na iya. Ka bar mataimakinka ya yi ta ihu a bakin layi, kai ka zuba wa 'yan bayansu huɗu da golansu ido. A cikin kowace ƙungiyar unguwa akwai wanda aka sa a baya don girman jiki kawai, idan ƙwallo ta wuce kansa kafin ya juya an yi masa taku uku. Akwai lamba uku da ba bahago ba ne, an dai tura shi hagu saboda babu wani, duk ƙwallon da ta zo masa sai ya gyara ta zuwa ƙafar dama. Akwai mai zuciya, wanda da zarar an yanke shi sau ɗaya zai bar gurbinsa ya bi yaro har tsakiyar fili don ya rama. Akwai gola da ya iya kama mai ƙarfi amma ba ya fitowa daga kan layi ko da kuros ta zo ta gaban hancinsa. Ni har tun lokacin motsa jiki nake fara leƙen golansu, in ga ko yana cafke ƙwallon sama ko doke ta yake yi. Kuma ka saurari bakinsu. Inda ka ji lamba huɗu da lamba biyu suna zagin juna a kan wa ya kamata ya tare wa, to ka samu ƙofa, ba sai ka ƙara nema ba.

Idan ka samu, kada ka ji kunyar maimaitawa. Mu nan muna da wata ɗabi'a, sai mu ga kamar ƙwarewa ita ce a kawo sabon salo kowane minti. Wasan ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kwaddibuwa a Abidjan, ranar 11 ga Fabrairu 2024, ya isa darasi, duk da ba na son tuna shi. Troost-Ekong ya ci mana da ka kafin hutu, muka koma baya muka jeru. Me Kwaddibuwa ta yi? Ta yi ta ba Simon Adingra ƙwallo a gefen hagu, ta ɓangaren Ola Aina, wanda ya buga gasar da kyau ƙwarai amma a ranar ƙafafunsa sun yi nauyi. Adingra ne ya bugo kwanar da Kessie ya farke da ita, shi ne kuma ya sake bi ta wannan gefen ya kawo wa Haller ta biyu a minti na 81. Duk wanda ke gidan kallo a daren nan ya ga inda ruwa ke shigowa tun kafin ya cinye mu. Su ba su canza ba saboda ba su da dalilin canzawa.

Amma a nan ne na taɓa yin wauta, bari in ba ka labari don kada ka maimaita. Wata shekara a gasar cin kofin unguwanni mun haɗu da wata ƙungiya da lamba ukunsu ba ya gudu ko kaɗan. Ina da wani yaro lamba bakwai, siriri, idan ya sa ƙwallo a gaba sai dai a bi shi da kallo. Na ce wa yara duk wanda ya samu ƙwallo ya ba shi. Minti goma na farko ya yi ta wulaƙanta mutumin, 'yan kallo suna ta sowa. Kocinsu ba yaro ba ne, sai ya jawo ɗan tsakiya ɗaya da lamba sha ɗayansu suka dawo suka rufa wa lamba ukun baya. Yarona ya koma yana karɓar ƙwallo a tsakiyar mutum uku, ya yi ta shan duka a ƙauri, kafin minti 60 na cire shi yana ɗingishi. Aka ci mu 1-0. Na gano tsagar daidai, amma na yi shela da ita.

Abin da na koya daga ranar shi ne, gefen da kake son ci ba shi ne gefen da za ka fara wasa ba. 'Yan bayan da suka tare gida tare suke motsi, duk inda ƙwallo ta nufa sai su zame can kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. To ka tara yaranka huɗu ko biyar a gefen hagu, su yi gajerun fasin, su jawo su. Shi kuwa mai gudun naka ya tsaya can dama, ƙafarsa a kan farin layi, ya yi kamar an manta da shi. Yara ba sa son wannan, za ka ga yana matsowa tsakiya don ya taɓa ƙwallo, sai ka yi ta korarsa. Da zarar sun karkata, ƙwallo ta tsallaka da bugu ɗaya, ko biyu idan ta bi ta kan lamba shida. Idan ta kai uku ko huɗu, ta bi ta ƙafar kowane ɗan baya naka, to sun riga sun dawo, aikin banza aka yi. Ina kyautata zaton nan ne matsalar yaranka take, domin ka ce sun iya riƙe ƙwallo, kuma yaron da ya iya riƙe ƙwallo yakan so ya taɓa ta sau uku kafin ya saki. A filin yashi kuma fasin ƙasa mai nisa mutuwa take yi a hanya, don haka dole ka samu mutum ɗaya a tsakiya da zai iya ɗaga ta mita 30 ta sauka inda ake so. Idan lokacin hunturu ne ka duba inda iska ke kaɗawa tun kafin kyaftin ya zaɓi gida.

Sai kuma abin da zai yi idan ƙwallon ta same shi shi da mutum ɗaya. Yawancin yaranmu da sun wuce sai su ɗaga kuros sama, a kan wa? A kan ƙartin nan biyu da aka ajiye a baya don su sa kai kawai. Ka ba su abincinsu ke nan. Ka koya masa ya kai har kusa da layin ƙarshe, ya mayar da ita baya a ƙasa, wajen ɗigon fenareti. Dalili kuwa, ɗan baya idan yana gudu zuwa ragarsa fuskarsa na kallon gola, ba ya ganin mai tahowa ta bayansa, kuma ba zai iya taka birki ya juya a lokaci guda ba. Lamba tara ya ruga turken kusa ya ja mutum biyu, lamba takwas ko lamba goma ya iso a makare. Wannan isowa a makare ita ce ta fi wahalar koyarwa, domin kowane yaro so yake ya riga kowa shiga cikin sha takwas, wato babban akwatin da ke gaban raga.

Lamba taranka ma kada ya tsaya a tsakanin 'yan baya kamar turke. Idan ka gano mai zuciyar nan da ke bin mutum, to lamba tara ya riƙa saukowa tsakiya yana karɓa, shi kuma zai biyo shi, sai wani ya faɗa ramin da ya bari. Haka Jamus ta yi wa Brazil a Belo Horizonte a Kofin Duniya na 2014. Thiago Silva ba ya nan saboda katuna, David Luiz yana ta barin gurbinsa, Marcelo yana tafiya gaba ba ya dawowa da wuri, su Müller da Lahm suka yi ta bi ta bayansa. Kafin minti 30 an zura biyar, aka tashi 7-1. Mutane sun fi tuna kukan 'yan kallo, amma in ka sake kallon ƙwallayen za ka ga galibinsu fasin ne na kusa a cikin sha takwas, ga mutum a tsaye babu mai tsaronsa.

Wani abu da ban ga ka ambata ba: ƙungiyar da ta tare gida ma tana fitowa. Tana fitowa idan ta samu kwana, ko bugun tazara, ko doguwar jifa, kuma manyan 'yan bayan nan su ne ke tafiya don su sa kai. Wannan daƙiƙa goma bayan kun ƙwace ita ce kaɗai lokacin da za ka same su a warwatse. Ahmed Musa, wanda muka sani tun yana Kano Pillars, da haka ya karya wa Najeriya Iceland a Volgograd a Kofin Duniya na 2018. Ta farko daga jifar Iceland ɗin ta taso, aka fitar da ita, Victor Moses ya ruga ta dama ya kawo, Musa ya tare ya narka. Ta biyu doguwar ƙwallo ce aka jefa masa ta hagu, ya tsere wa Kari Arnason mai shekara 35, ya yanke gola ya zura. Rabin farko na wasan nan ko harbi ɗaya ba mu yi ba, saboda sun jeru. Don haka idan ana bugo muku kwana kada ka dawo da kowa. Ka bar mai gudu ɗaya a layin tsakiya, ta gefen wanda ya fi nauyin jiki a cikin waɗanda suka rage, kuma golanka ya san inda zai jefa tun kafin ya kama.

Naku bugun kwanar ma a yi shi da ido buɗe. Kowa ya san abin da Alexander-Arnold na Liverpool ya yi wa Barcelona a filin Anfield a 2019, ya ga sun juya baya suna gyara tsayuwa, ya buga da sauri, Origi ya ci ta huɗu. A wasan unguwa irin wannan sakacin yana faruwa sau biyar a wasa ɗaya: ana gardama da alƙalin wasa, gola yana jera katanga, wani ya durƙusa yana ɗaure takalmi. Ka dai gaya wa yara su tabbata alƙali bai ce a jira usur ba.

Idan kuwa ka haɗu da masu akasin haka, waɗanda ke turo layinsu gaba suna kafa tarkon satar gida kamar yadda Saudiyya ta yi wa Ajantina a 2022 har aka soke ƙwallo uku kafin hutu, to kada ka dogara da lamba tara ya tsaya a kafaɗar ɗan baya. A filayenmu mai tuta ba ya jiran komai, da ya ga yaro shi kaɗai zai ɗaga. Mai tahowa da gudu daga tsakiya, wanda kowa ya ga daga inda ya taso, shi ne ba a iya ɗaga wa tuta.

Game da ƙwallon da ake zura muku a ƙarshen wasa, wannan ba rashin sa'a ba ne. Takaici ne ke sa lamba biyu da lamba uku su tafi gaba a lokaci guda. Dokata ita ce ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna, lamba shida kuma ba ya wuce da'irar tsakiya sai na ce.

A tirenin na wannan makon ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka jera mutum shida su tare gida, ka sa takwas su kai kora, ka raba filin gida uku a tsaye da toka ko garin bulo. Ƙwallo ba ta ƙirguwa sai an yi fasin huɗu a gefe ɗaya sannan ta tsallaka ɗaya gefen da bugun da bai wuce biyu ba. Ranar farko za su yi ta ɓatawa, za su ce maka abin ba daɗi, ka ƙyale su. A ɓoye kuma ka ce wa ɗaya daga cikin masu tsaron ya riƙa yin jinkiri da gangan, ka ga wane yaro ne zai fara lura da shi. Wanda ya fara ganewa, shi za ka riƙa kira bakin layi ranar wasa kana ba shi saƙo, ko da ba shi ne kyaftin ba.

Ka kuma faɗa mana, ƙungiyar da za ku haɗu da ita ranar Asabar ɗin, ka taɓa ganin golansu ya fito ya kama kuros? Da lamba ukunsu, bahago ne ko an tura shi ne kawai? In ka amsa waɗannan biyun zan gaya maka ta gefen da zan fara.