Ta ina zan fara kallon fina-finan Marvel, kuma da gaske na yanzu sun lalace?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana son shiga harkar fina-finan Marvel amma yawansu ya tsorata ka, tunda sun haura 30, kuma kana jin abokanka a nan Abuja suna cewa na baya-bayan nan ba su da armashi. Ka kuma tambaya ko za ka iya kallo tare da ƙannenka.

Kada ka ce sai ka kalli duka. Labarin farko, wanda ya taso daga Iron Man na 2008 ya kai ƙololuwa a Avengers: Endgame na 2019, fina-finai 23 ne idan an haɗa da na Spider-Man da ya biyo bayan Endgame, amma 12 sun ishe ka. Ka fara da Iron Man, sai Captain America: The First Avenger na 2011, sai The Avengers na 2012. A 2014 ka ɗauki The Winter Soldier da Guardians of the Galaxy. Age of Ultron na 2015 ba wani abin a zo a gani ba ne, amma a nan jarumai biyu, Wanda da Vision, suka shigo sosai, kuma za ka buƙace su gaba. Daga nan Civil War da Doctor Strange na 2016, Thor: Ragnarok na 2017, Black Panther da Infinity War na 2018, ka rufe da Endgame. Jimillarsu wajen awa 27 zuwa 28 ne, wato idan kana kallon biyu duk ƙarshen mako, sati shida ka gama.

Ka bi su yadda suka fito. Akwai jerin da ke yawo a intanet wanda ya tsara su bisa shekarar da labarin ya faru, sai ka ga an sa Captain Marvel a kusan farko saboda labarinsa na 1995 ne. Wannan jerin na wanda ya riga ya kalla ne yake son maimaitawa. Fim ɗin a 2019 ya fito, kuma guntun da aka liƙa a ƙarshensa yana tona abin da ya faru a Infinity War, sai ka ga an ɓata maka abin da ya fi komai nauyi a labarin tun kafin ka isa wurin.

Wannan guntun na ƙarshe shi ne inda sababbin masu kallo suka fi yin asara. Da zarar sunayen ma'aikata sun fara hawa sai mutum ya kashe, alhali kusan kowane fim yana da fitowa ɗaya ko biyu a tsakiyar sunayen ko bayansu, kuma su ne zaren da ke ɗinke fina-finan. A Iron Man nan ne Nick Fury, shugaban wata hukumar leƙen asiri, ya fara bayyana da maganar haɗa ƙungiyar jarumai ta Avengers, a The Avengers kuma nan aka fara nuna fuskar Thanos, babban mugun labarin. Idan a shagon tura fim kake karɓa, ka ja zuwa ƙarshe ka tabbatar ba a datse sunayen ba kafin ka bar wurin. Ka kuma nemi fitowar ƙarshen Ant-Man and the Wasp ko da ba za ka kalli fim ɗin ba, domin ita ce ke bayyana inda Ant-Man ya maƙale kafin Endgame. Kwafin da aka ɗauka da kyamara a cikin sinima kuwa ka guje shi. Wasu daga cikin manyan faɗace-faɗacen cikin duhu ake yin su, ba abin da za ka gani sai inuwa. Ta intanet, ka lissafa kusan giga ɗaya a kowace awa idan hoton matsakaici ne, mai kyau sosai yana iya cin giga uku. Sabon fim kuma, idan da hali, ka je sinimar Jabi Lake Mall ko ta Ceddi Plaza, don sautin rabin daɗin ne.

Biyu daga cikinsu sun taɓo Najeriya. Civil War a Legas aka yi babban faɗansa na farko, Black Panther kuma yana da fitowa a dajin Sambisa tun farko-farko.

Maganar lalacewa akwai gaskiya a ciki, kuma dalilanta a fili suke. Daga 2021 kamfanin ya fara zubo shirye-shirye masu dogon zango a manhajar kallo ta Disney+ yana ɗaura su da fina-finan sinima. Wanda bai kalli kashi tara na WandaVision ba, ba zai gane dalilin da Wanda ta zama abin tsoro a Doctor Strange na 2022 ba. The Marvels na 2023 ya fi muni ta wannan fuskar, domin biyu daga cikin jarumansa uku a shirye-shiryen talabijin aka gina su, kuma shi ne fim ɗin da ya fi kawo ƙarancin kuɗi a duk jerin. Kallo ya koma kamar aikin gida na makaranta. Sannan mugun da suka shirya ya gaji Thanos, wato Kang, ya rushe musu a hannu: kotu ta samu Jonathan Majors, wanda ke fitowa a matsayin Kang, da laifi a Disambar 2023, suka sallame shi, a Yulin 2024 kuma aka sanar Robert Downey Jr., wanda ya fito a matsayin Iron Man, zai dawo a matsayin wani mugun, Doctor Doom.

Amma a ganina babbar illar ita ce shigo da duniyoyi barkatai, inda kowane jarumi yake da kwafi a wata duniyar. Abin da ya sa mutuwar Tony Stark, wato Iron Man, ta girgiza mutane shi ne shekara 11 ana tare da shi, kuma an san ya tafi ke nan. Idan mai kallo ya san za a iya ɗauko wani daga wata duniya gobe, zuciyarsa ba za ta tashi ba komai girman fashewar da aka nuna masa. Shirin Loki ne kaɗai na ga ya yi amfani da wannan dabarar har ta yi ma'ana, zango biyu, kashi shida-shida, kuma ya san inda zai tsaya.

Masu cewa matsalar ita ce ba a bin littafin zane sau da ƙafa, ban yarda da su ba. A littafin The Infinity Gauntlet na 1991, Thanos ya hallaka rabin halittu ne don ya burge Mutuwa, wadda aka zana a siffar mace yana sonta. Fim ɗin ya canja dalilin, ya mayar da shi mai ganin bakuna sun fi abinci yawa, kuma wannan canjin ne ya sa har ake muhawara a kansa. Da an bi littafin, da mahaukacin soyayya kawai za a gani.

Bayan Endgame ka riƙa zaɓe. Guardians of the Galaxy na uku na 2023 ya tsaya da ƙafarsa. Spider-Man: No Way Home na 2021 yana da daɗi, amma sai ka san Spider-Man ɗin Tobey Maguire da na Andrew Garfield za ka ji shi a jiki. Ka kuma lura, ba duk fim mai tambarin Marvel ne ke cikin jerin ba. Venom da Morbius da Madame Web na kamfanin Sony ne, tsallake su ba zai rage ka da komai ba. Idan ka fi son labari mai kama da rayuwa, Daredevil da ya fara a 2015, The Batman na 2022 da The Penguin na 2024 mai kashi takwas sun fi yawancin abin da Marvel ta fitar a shekarun nan, duk da na biyun da na ukun na kamfanin DC ne, ba na Marvel ba.

Batun ƙannenka, waɗancan 12 ɗin an yi musu alamar shekara 13 zuwa sama: akwai faɗa da ɗan zagi da sumbata nan da can, don haka rimot ya zauna a hannunka. Ms. Marvel na 2022 ya dace da su, jarumar yarinya ce Musulma 'yar asalin Pakistan, har da masallaci da bikin sallah a ciki. Deadpool & Wolverine cike yake da ashar da jini, The Boys ya fi shi har da tsiraici. Wanda ya fi yaudarar iyaye shi ne Invincible, saboda katun ne sai a miƙa wa yaro waya a tafi, alhali ƙarshen kashin farko kaɗai ya isa ya hana ɗan shekara goma barci. Shekarunsu nawa? Idan akwai 'yan ƙasa da goma, ka fara musu da Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018, Infinity War kuma ka bari sai ka kalle shi kai kaɗai tukuna.