Tambaya da Amsa: Yakuwata ta ƙi fure a cikin tanti, ga raɓa ga fumfuna

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah a taimaka min da shawara. Ina zaune ne a Kalgari ta ƙasar Kanada, kuma sanyin garin nan ba ya barin komai ya tsira a waje fiye da rabin shekara, shine maigidana ya sayo min irin tantin nan na shuka a cikin gida, na hannu ne, ƙafa huɗu-huɗu tsayinsa ƙafa shida da rabi, muka kafa shi a ɗakin ƙasa inda injin wanki yake. Mutumin da ya sayar mana tabar wiwi yake nomawa a ciki tunda su nan an halatta musu, ni kuwa yakuwa da attarugu na shuka don wallahi na gaji da busasshe. Yanzu wata huɗu kenan, yakuwar ta yi ganye sosai har ta kusa taɓa fitila amma ko fure ɗaya babu, alhali sati biyar kenan da na mayar da fitilar awa 12 kamar yadda aka ce min. Sannan kullum da safe in na buɗe sai na tarar jikin tantin sharkaf da raɓa, ganyen attarugun ya fara wani fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, furensa ma zubewa yake. Fankar da ke fitar da iska ina kashe ta da dare saboda ƙararta tana hana yara barci. Ina na kuskure?

Daga wata 'yar'uwa, Kalgari

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan bayani dalla-dalla, don gaskiya amsar ma tana cikin wasiƙar taki a wuri biyu, kashe fanka da dare da kuma ɗakin wankin nan.

Bari na fara da yakuwar tunda ita ce ta fi damunki. Yakuwa ba girma ne yake sa ta fure ba, tsawon dare take lissafawa. Ki tuna a gida ko an shuka ta da ruwan fari ko an makara, ba ta fure sai damina ta zo ƙarshe wajen Satumba zuwa Oktoba, a tsinki zoborodo da kaka, haka maiwa take haka dawarmu ta gargajiya irin su kaura da farafara, duk jira suke dare ya fara tsawo. Wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, su suka fara bayyana wannan a 1920 da suka lura da wata irin taba da ta ƙi fure duk tsawon bazararsu sai da rana ta gajarta, daga baya a 1938 aka gano cewa ba gajartar ranar ce ma abin lura ba, duhun ne, kuma sai ya zama duhu ɗaya miƙaƙƙe ba a katse shi ba. Haske na ɗan lokaci a tsakiyar dare yana iya mayar da lissafin shukar baya gaba ɗaya. To ke kin rage fitila zuwa awa 12, madalla, amma tantin yana ɗakin da ake shiga a kunna wuta a yi wanki, kuma tanti ne na hannu wanda zif ɗinsa ya sha ja, ina kyautata zaton yakuwarki ba ta taɓa samun cikakken dare ba ko sau ɗaya. Tabar wiwin ma haka halinta yake shi ya sa masu ƙera tantin suke yin bayansa baƙi mai kauri, sai dai in ya tsufa ɗinkin yana buɗewa.

Ga yadda za ki gwada. Ki kashe fitilar tantin, ki kunna duk wutar ɗakin, ki shiga ciki ki zauna a ƙasa maigida ya ja zif ya rufe ki, ki bari kamar minti goma idonki ya saba. Da farko za ki ga kamar duhu ne ƙirin, can sai ki fara hango ɗigo-ɗigon haske a layin ɗinki kamar taurari, da wani siririn zare na haske a gefen zif, da bakin ramukan da waya da bututu suke bi. In har kina iya ganin tafin hannunki to hasken ya yi yawa. Duk inda kika gani ki nuna masa ya liƙe ta waje da baƙin selotef mai kauri, ramukan waya ki ja igiyarsu ki tsuke, zif ɗin kuma ki rataya masa baƙin bargo ko labule. Kar ki manta da ƙananan fitilun nan ja da shuɗi na jikin soket da na'urori in suna ciki, su ma a liƙe su. Sannan ki sa agogon kashe wutar ya zama daren tanti ya dace da daren gidan, lokacin da ba mai shiga wanki, ki kuma ƙara sauke hasken zuwa awa 11, duhu 13, kuma in an rufe an rufe kenan ba leƙe da tocilar waya. Attarugu ba ruwansa da tsawon dare, zai yi fure abinsa, iyaka dai girmansa ya ɗan ragu. Ki ba ta sati uku zuwa huɗu a haka kafin ki yanke ƙauna. Kan da ya kusa taɓa fitila ki datse shi tun yanzu, ganyen ki yi fate da shi, zai ma sa ta yi rassa.

Sai maganar raɓa, kuma a nan ne nake roƙonki dan Allah ki daina kashe fankar nan. Kusan duk ruwan da kike ba shuka, sama da kashi 90 cikin 100, ta ganye yake fita ya koma iska. Wato in kin zuba lita huɗu yau to ki ɗauka kin watsa kusan lita huɗun ne a cikin akwatin da bai kai banɗaki girma ba. Da fitila tana kunne iskar tana da ɗumi tana iya riƙe danshin, da ta mutu sai zafi ya sauka, iska mai sanyi kuwa ba ta riƙe ruwa da yawa, sai ta sauke shi a jikin tanti da kan ganye, kamar dai yadda gorar ruwan sanyi take yin gumi. Daidai lokacin da aka fi buƙatar fankar shine kike kashe ta. Farin garin da kika gani fumfuna ce, kuma abin da take so kenan, dare mai danshi da iskar da ba ta motsi. Ki juya ganyen ki duba bayansa, a attarugu a nan ta fi zama, ta sama sai ki ga rawaya-rawaya. Duk wanda ya kamu ki tsinke ki sa a leda ki ɗaure ki fitar, kar ki kakkaɓe shi a ciki.

Tantinki in an lissafa faɗi da tsawo da tsayi ƙafa 104 ne na iska, abin da ake so a sauya iskar nan duka kowane minti ɗaya zuwa uku. Fankar bututu mai inci 4 yawanci an rubuta mata wajen 200 CFM a jiki, wato ƙafa 200 na iska take ja a minti, kinga ta ishe ki har da ragi, don haka ba sai ta yi gudu duka ba, ki sayi ɗan abin rage mata gudu ki bar ta a rabi da dare, ki kuma rataye ta da igiyar roba maimakon ɗaure ta a jikin ƙarfe, mafi yawan ƙarar daga girgiza take zuwa. In tantin ya zo da wata doguwar matata mai gawayi a ciki ki cire ta, wancan mutumin don warin tabarsa ya sa ta, ke ba ki da warin ɓoyewa kuma tana cinye ƙarfin fankar. Fanka a sama take zama don iska mai zafi sama take yi, ƙofar shigar iska kuma a ƙasa ta ɗaya ɓangaren. Ita wannan ƙofar ta ƙasa ita ce babbar hanyar haske, dabarar ita ce ki zura mata guntun baƙin bututu ki lanƙwasa shi sau biyu, iska tana bin kwana amma haske ba ya bi. Alamar kin daidaita shine in kin rufe zif ki ga bangon tantin ya ɗan lotsa ciki kaɗan. Iskar da aka fitar kuma kar ta tsaya a ɗakin wankin ta sake komawa, a kai bututun taga ko a bar ƙofar ɗakin a buɗe, in ba haka ba danshin zai jawo fumfuna a bangon gida, ga yara.

Ki ƙara ƙaramar fanka mai juyawa a ciki, ba ta doki ganye kai tsaye ba, ya dai riƙa rausaya a hankali. Ki sayi ɗan agogon auna zafi da danshi mai ajiye mafi sama da mafi ƙasa, ba shi da tsada, ki rataye shi daidai kan ganye, da safe ki duba inda ya kai cikin dare. Ki nemi danshi tsakanin kashi 50 zuwa 60, zafi kuma digiri 24 zuwa 28 da rana, da dare kar ya sauka ƙasa da 18, simintin ɗakin ƙasa sanyi ne da shi don haka ki ɗora tukwanen a kan katako. Ban ruwa da safe in fitila ta kama, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Ki kuma sani da hunturu in hita tana aiki iskar gidajen Kanada bushewa take ƙayau, wataƙila nan da ɗan lokaci matsalar ta juye ta zama rashin danshi, lokacin ne wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo suke bayyana a bayan ganye, agogon ne zai gaya miki.

Furen attarugu kuwa zafi in ya haura 32 ko danshi ya yi yawa yana zubar da shi, kuma a cikin tanti ba ƙudan zuma ba iskar waje, to kullum da hantsi ki ɗan girgiza reshen da yatsa don garin furen ya zuba a kansa.

Masu karatu na gida da suka ga an ambaci wiwi, dokar Kanada ce tun 17 ga Oktoban 2018 ta ba kowane gida damar tushe huɗu, lardin Kebek ma bai yarda ba, a Najeriya kuwa laifi ne babba a hannun NDLEA. Ke kuma Hajiya tunda na hannu ne, in kin gama wannan zangon ki kwashe komai ki wanke cikinsa da bilic da aka sirka da ruwa sosai ki bar shi ya bushe kafin sabuwar shuka. In furen yakuwar ya fito, kwana ɗaya yake yi ya faɗi, kar ki tsorata, jan kofin da ya bari shine zoborodon, ki ba shi sati biyu zuwa uku ya cika kafin ki yanka.