Tambaya da Amsa: Ɗalibin da Nahawu Ke Ba Wuya, Zai Iya Nazarin Salo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malama ce a wata kwalejin horar da malamai, kuma a wannan zango an ɗora mini kwas ɗin nazarin salon Ingilishi ga 'yan ajin ƙarshe na NCE. Takardar darasin da na gada ba ta ƙunshi komai ba sai ma'anoni da sunayen masana, waɗanda ɗalibai ke haddacewa su juye a jarrabawa su manta. Da yawansu kuwa har yanzu suna fama da haɗa jimla daidai. Shin ba gudu muke nema ba daga wanda bai gama rarrafe ba? Idan kuma kwas ɗin yana da amfani, ta ina zan fara? Daga wata malama a Jihar Zamfara.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Damuwarki tana kan hanya, amma ban yarda cewa ɗalibanki baƙi ne a fagen salo ba. Saurayin da ya san yadda zai gaida hakimi, ya san kuma yadda zai tsokani abokin wasansa a bakin tasha, bai kuwa taɓa musanya ɗaya da ɗaya ba, ya riga ya mallaki jigon kwas ɗin tun kafin ya shigo ajinki. Salo zaɓi ne: abu ɗaya ake son faɗa, hanyoyin faɗarsa suna da yawa, mai magana ya ɗauki guda saboda wani dalili. Abin da ya rage wa ɗalibin shi ne ya ga cewa Ingilishi ma yana da irin waɗannan hanyoyi, ya kuma iya nuna su da yatsa a kan takarda.

Ga inda zan fara da ni ne. A ranar farko ki rubuta jimloli uku a allo: "The goat ate the millet", da "The millet was eaten", da "It was the goat that ate the millet". Ki sa su faɗi kowace da Hausa, za su ba ki "akuya ta ci geron", da "an ci geron", da "akuya ce ta ci geron". Sa'an nan ki tambaye su: idan magana ta kai gaban mai unguwa, wace jimla mai akuya zai furta, wace kuma matar da ta shanya geron za ta furta? Ajin zai yi dariya, domin kowa ya san mai akuya ne zai fake da "an ci". To, a cikin minti goma sun koyi cewa jimlar da ke ɓoye mai aiki ba ado ba ce, mafaka ce, kuma daga ranar duk sanarwar ofis da suka karanta mai cewa an samu jinkiri za su nemi wanda ya jinkirta. Ki lura cewa nahawu kika koyar, sai dai kin koyar da shi tare da dalilinsa, abin da atisayen cike gurbi bai ba su ba tun daga ƙaramar sakandare. Shi ya sa nake ganin raunin nahawunsu hujja ce ta riƙe kwas ɗin da kyau, ba ta jefar da shi ba.

Kada ki yi gaggawar kai su ga waƙoƙin Ingilishi na ƙarnonin baya. Na sha ganin an buɗe zango da baitocin da malamin kansa sai ya duba ƙamus, aka wayi gari ɗalibai sun yanke cewa salo wani asiri ne na Turawa. Masanan fannin ma ba haka suka taƙaita shi ba. A littafin da David Crystal da Derek Davy suka fitar a 1969 kan salon Ingilishi, abin da suka feɗe shi ne hirar yau da kullum da sharhin kai-tsaye da harshen addini da rahoton jarida da takardun shari'a. Ki bi sawunsu da kayan da ke kusa: katin gayyatar ɗaurin aure, takardar da ke cikin kwalin magani, kanun labarai, wasiƙar neman aiki. Kowane rubutu a yi masa tambayoyi uku da M.A.K. Halliday da abokan aikinsa suka shahara da su, wato a kan me ake magana, mene ne tsakanin mai magana da mai saurare, kuma da baki ne ko a rubuce. Idan sun saba, sai ki shigo da gajeren labari, daga baya waƙa.

Su kuwa sunaye da shekaru, kaɗan sun isa. Ɗalibai su san cewa Charles Bally ya wallafa aikinsa kan salon Faransanci a 1909, amma su san kuma cewa malaman zaurenmu sun daɗe suna karantar da balaga, wato ilimin fasahar magana na Larabci, da rassanta uku, ma'ani da bayani da badi'i, kuma masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa hanyoyin nazarin waƙar Hausa. Ɗan Zamfara da ya tashi yana jin waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo Maradun ya san kamantawa da kambamawa da habaici a kunnensa. Suna kawai zai sauya musu da Ingilishi. Ba laifi ba ne ki ɗauki minti biyar da Hausa ki kafa misali, muddin aikin da za su miƙa da Ingilishi ne.

Akwai wani tarko da nake son ki shirya masa. Da zarar kin koya musu cewa marubuci kan kauce wa ƙa'ida da gangan don ya jawo hankali, wani mai wayo zai ɗaga hannu ya ce kuskuren da kika ja wa jan biro salonsa ne. Amsar da za ki ba shi guda ce: ya rubuta jimlar bisa ƙa'ida, ya kuma faɗi abin da ya samu da ya bar ta. Mawaƙin da ya gutsure kalma don kari ya daidaita ya san cikakkiyarta. Wanda ya kasa kawo cikakkiyar, kuskure ya yi. Wannan rarrabewa ta fi komai muhimmanci ga mai shirin zama malami, domin gobe shi ne zai riƙe jan biron. A jarrabawar WAEC, daga maki 50 na insha'i, 20 na tafiya ne ga iya tsara magana yadda ta dace da mai karatu da manufa, alhali kaucewa kurakuran rubutu 10 ne kawai. Malamin da bai san komai ba sai farautar kuskure ya bar kaso mafi tsoka ba tare da ya koyar da shi ba, shi ya sa ake samun yaron da ke rubuta wa abokinsa wasiƙa da harshen takardar koke.

A jarrabawarki, ki rage tambayoyin "kawo ma'anar". Ki ba su sakin layin da ba su taɓa gani ba, su nuna zaɓi uku da marubucin ya yi da tasirin kowanne, sa'an nan su sake rubuta shi don wani mai karatu dabam, misali su mayar da bayanin magani yadda za a faɗa wa yaron aji shida. Idan yawan ɗalibai ya sa duba takardu zai gagare ki, ki kasa su biyar-biyar a aikin mako, kowane rukuni ya karanta nasa a gaban aji, sauran su faɗi wa aka yi wa rubutun kafin a gaya musu.