Tambayoyinku Kan Taron Jin Ra'ayin Jama'a

Tambaya: Malam, hukuma ta kira mu taron jin ra'ayi kan gina asibiti a unguwarmu. Mun ba da shawarwari, an rubuta, amma da aka fara aiki sai muka ga abin da aka tsara tun farko aka yi. To mene ne amfanin taron?

Amsa: Ɗan'uwa, da alama ihu bayan hari kuka yi, wato an kira ku bayan an gama yanke shawara. A 1969 wata masaniya 'yar Amurka, Sherry Arnstein, ta kwatanta shigar jama'a cikin harkar mulki da tsani mai matakala takwas. A ƙasa ana juya mutane ne kawai. A tsakiya ana sanar da su, ana tambayar ra'ayinsu, amma babu abin da ya tilasta wa hukuma ta yi aiki da shi. Sai a matakala ukun sama ne jama'a ke da hannu a hukuncin kansa. Taronku a tsakiya ya tsaya.

Nan gaba, kafin ku zauna, ku tambaya a gaban kowa: me ya rage ba a yanke ba? Filin ne, girman ginin ne, ko kuɗin? An riga an ba da kwangila? Idan an sa hannu, to taron na sanarwa ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Ku kuma nemi a faɗa muku ranar da za a dawo muku da amsa, da muƙamin wanda zai kawo ta.

Tambaya: Ni ce sakatariyar ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Duk taron da muka kira, mutum biyar ko shida ne ke cinye maganar. Yaya zan gyara?

Amsa: Malama, gyaran yana farawa tun kafin ranar taro. Ki fitar da sanarwa aƙalla mako biyu kafin lokaci, ta hanya fiye da ɗaya: saƙon waya, takarda a bango, da kuma baki da baki, domin wanda ba ya karatu shi ne ake fara mantawa. Ki haɗa da shafi ɗaya tak mai bayyana matsalar, zaɓuɓɓuka biyu ko uku, da kuɗin kowanne. Mutumin da ya fara jin batu a zauren taro ba zai iya ja da wanda ya kwana da shi ba.

Ranar taro, kada a fara da jawaban manya. Da zarar babba ya bayyana matsayinsa, kunya za ta rufe bakin saura. A raba mutane rukuni-rukuni na takwas zuwa goma, a ba su rabin sa'a, kowane rukuni da marubucinsa. Inda mata ko matasa ba sa sakewa a gaban dattawa, a ba su nasu rukunin. Da an dawo, minti uku ga kowane mai magana, da mai duba agogo wanda ba shugaba ba.

Abin da na fi damuwa da shi, kuma aka fi sakaci da shi, shi ne bayan taro. Cikin mako biyu ki fitar da takarda mai gida uku: abin da aka ce, abin da aka karɓa, abin da aka bari da dalilinsa. Mutane suna jure a ƙi shawararsu idan an gaya musu dalili. Shiru ne ke hana su dawowa. Birnin Porto Alegre na Brazil ya fara barin mazauna su zaɓi ayyukan da za a kashe wa wani kaso na kasafin birni a 1989, kuma abin da ya jawo mutane shi ne ganin titi da magudanar ruwan da suka zaɓa an gina su.

Tambaya: Mun nemi takardun kasafin wani aiki, jami'i ya ce sirri ne.

Amsa: Da baki kuka nema, ina zato. Ƙasashe sama da ɗari suna da dokar 'yancin samun bayanai, Suwidin ce ta fara tun 1766. Ku duba taku, ku ga kwana nawa ta ba hukuma ta amsa. Ku rubuta wasiƙa mai kwanan wata, ku ambaci takarda takamaimai, misali takardar kwangila da jadawalin biyan kuɗi, ba "duk bayanan aikin" ba. Ku sa a buga hatimin karɓa a kwafinku, domin daga wannan ranar ake fara ƙidaya wa'adin.