Sola mai naɗewa kamar tabarma, in jira ta?

Tambaya: Salam Malam. Ina da shagon cajin waya a ƙauyenmu nan gefen Ringim, na ga bidiyo a Facebook wai an yi sola kamar leda ana naɗe ta. In dakata da sayen fanel in jira ta?

Amsa: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Kar ka jira, sayi na gilashinka. Abin da ka gani akwai shi, ba da silikon ake yin ta ba kamar fanel na gilashi, sinadarai ne dangin roba ake shafawa a kan leda kamar tawada, har kamfanin Heliatek a Dresden ta Jamus ya yi irinta an manna jikin gini.

Inda gizo ke saƙar shi ne girma. A ɗakin bincike tana maida kusan kashi 20 cikin 100 na hasken rana zuwa wuta, amma fa a ɗan guntun da bai kai farcenka ba. A 2023 masu bincike a Erlangen ta Jamus suka yi mai faɗin tafin hannu biyu, kashi 14 da rabi ya bayar, kuma har murna aka yi don a lokacin babu irinsa.

Kaga shafin sinadarin nan kaurinsa kamar nanomita 100 ne, gashin kanka ya ninka shi sau ɗaruruwa, toh yaɓe irin wannan a ɗan wuri yana fita sumul amma da an ce bango guda sai nan yai kauri can ya huje wuta ta dinga zurarewa. Sannan fatar saman da ke kwaso wutar dole haske ya ratsa ta, shi yasa ba ta jan wuta kamar wayar lantarki. In ka taɓa ban ruwa a fadama ka san zancen, hanyar ruwa in tai tsawo kafin ya isa ƙarshe ƙasa ta sha rabonta. Shi yasa masu yin solar suke yanka ta fangali-fangali da hasken leza su jona, amma kowane layin yanka fili ne da ba ya ba da komai, aikin yanzu shi ne sirantar da layin da gyara injin shafawa.

Ga kuma iska da laima da zafi suna saurin tsufar da ita, kai ka san ranar Jigawa a watan Afrilu. Fanel na silikon mai kyau yana haura kashi 20, garantin shekara 25. Ka dai riƙa goge masa ƙura da sassafe lokacin hunturu, kafin gilashin yai zafi.