Tambaya da Amsa: Yadda Ƙanƙara Ke Sassaƙa Duwatsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Na ji an ce a ƙasashen sanyi ƙanƙara tana fasa duwatsu, har ta haƙa kwari, alhali mu wadda muka sani ita ce mai faɗowa da damina, ta narke kafin yara su gama tsintar ta. Yaya abin yake, kuma shin duwatsun nan masu sulɓi na yankinmu aikinta ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Ba irin tamu ake nufi ba. A inda dusar ƙanƙara ke zuba fiye da yadda take narkewa, takan taru shekara da shekaru, ta sama tana danne ta ƙasa, har ta zama curi mai kaurin ɗaruruwan mitoci, wanda nauyinsa ke sa shi gangarawa. Shi ake kira kogin ƙanƙara, kuma galibi tafiyarsa ba ta wuce mita ɗaya a yini.

Ita ƙanƙarar ba ta kai dutse tauri ba, dabara biyu take yi. Ruwan da ya narke a ƙarƙashinta yakan shiga tsagar dutse ya sake daskarewa, kuma da yake ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kamar yadda ledar ruwa ke cika tam a firiza, sai tsagar ta buɗe, kogin ya ciccire gutsuren ya tafi da shi. Waɗannan gutsattsarin da suka maƙale a gindinsa su ne haƙoransa. Ka duba dutsen niƙan da ya daɗe a gidanku, yadda ɗan dutsen ya cinye tsakiyarsa har ya yi kwarmi. Haka suke gurzar falalen dutse, su bar zane mai nuna inda ƙanƙarar ta dosa, su kuma fitar da gari mai laushi. A ganina, wannan misalin za ka kai wa ɗalibanka.

Shi ya sa kwarin da ƙanƙara ta haƙa yake da faɗin gindi kamar harafin U, saɓanin na ruwa mai kama da V. A Norway teku ta cika irin wannan kwari, wato Sognefjord, mai zurfin fiye da mita 1,300, kuma manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka ma aikinta ne, domin shekara kusan 20,000 da suka wuce ta lulluɓe yankin.

Amma duwatsun Birnin Kudu da na Dutse, zafin rana da ruwan sama ne suka yi ta ɓare bayansu har suka yi sulɓi. Sai dai a Saharar Aljeriya masana sun samu zanen ƙanƙara mai shekara miliyan 445 ko kusa da haka, tun lokacin da yankin yake daf da ƙuryar kudancin duniya.