Faifai Yana Cijewa, Sunayen Waƙoƙi Suna Rikicewa: Me Ya Kamata a Saya?

Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto cewa ya mayar da tsohuwar kwamfutarsa sabar waƙoƙi ta gida, wato kwamfutar da ke ajiye waƙoƙi tana aika su zuwa sauran na'urori, kuma yana kwashe faifan CD ɗinsa zuwa cikinta, amma wasu faifan suna tsayawa a tsakiyar aiki, wasu kuma suna fitowa da ƙas-ƙas a cikin sauti. Yana tambaya ko ya sayi na'urar karanta faifai mai tsada.

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin ba ka riga ka san inda laifin yake ba. Tsarin faifan sauti da kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1980 an yi shi ne don saurare, kuma kariyarsa daga kuskure ba ta kai ta faifan bayanai ba. A faifan sauti, kowane yanki yana ɗauke da bayit 2,352 na sauti zalla, alhali faifan bayanai yana amfani da 2,048 kawai, ya bar ragowar don ƙarin gyaran kuskure. Idan na'urar kunna waƙa ta ci karo da karce, takan cike giɓin da ƙiyasi ta wuce ba tare da kunne ya lura ba, kuma manhajar da ke kwashewa da gaggawa ita ma takan wuce ba ta faɗa maka ba. Saboda haka matakin farko shi ne sauya manhaja. A Windows akwai Exact Audio Copy, wadda kyauta ce, a Mac akwai XLD, a Linux kuma akwai whipper, kuma dukkansu suna sake karanta wurin da suke shakka a kansa, sannan su gwada sakamakon da rumbun AccurateRip, inda ake tara shaidar kwafin da wasu mutane suka yi na faifai iri ɗaya.

Ka ɗauki faifai mai tsabta na wani sanannen kamfani ka kwashe shi. Idan ya dace da AccurateRip, na'urarka lafiyarta ƙalau. Idan wani faifai yana cijewa a waƙa ɗaya kullum, musamman waƙoƙin ƙarshe, laifin faifan ne, domin ana karanta CD daga tsakiya zuwa gefe, kuma gefen ne hannu da ƙura suka fi ɓatawa. Ka goge shi da tattausan ƙyalle daga ramin tsakiya zuwa waje a miƙe, kada ka bi da'ira. Ka kuma ɗaga shi ka duba da haske: idan haske yana ratsowa ta ƙananan huji, saman faifan ne ya lalace, inda bayanan suke kusa da rubutun, kuma wannan ba ya gyaruwa da goga. Amma idan aikin yana katsewa a wurare dabam-dabam, ko na'urar tana ɓacewa daga kwamfuta ta dawo, to mafi yawa wuta ce ba ta isar ta. Siraran na'urorin da ake jonawa ta USB suna jan wuta sosai idan faifai ya fara juyawa da ƙarfi, kuma waya mai kai biyu ko mahaɗar USB mai nata caja tana magance wannan da kuɗi kaɗan.

Idan har za ka sayi wani abu, shawarata ita ce na'ura ta biyu mai araha daga wani kamfani dabam, domin faifan da ya gagari wannan sau da yawa waccan takan karanta shi. Faifan da aka buga a kasuwa da kwamfuta kuwa ba za ka same shi a AccurateRip ba, sai dai ka sa manhajar ta karanta kowace waƙa sau biyu ta gwada lambobin tantancewar, idan sun zo ɗaya ka amince.

Wata mai karatu daga Maraɗi tana so ta san ko MP3 za ta ajiye ko FLAC, da girman rumbun ajiya, wato hard disk, da za ta saya. Hajiya, ki ajiye FLAC, domin yana matse sautin ba tare da zubar da komai ba, kuma daga gare shi za ki iya fitar da MP3 don waya a duk lokacin da kike so. Cikakken faifai yakan ci megabayit 300 zuwa 400, wato rumbun terabayit 1 zai ɗauki faifai fiye da 2,000. Gara ki sayi rumbu biyu matsakaita, ɗaya ya zama kwafin ajiya, da ki sayi babba guda ɗaya. Ki lura kuma cewa faifan da ke ɗauke da waƙoƙi ko karatu na sa'o'i da yawa faifan bayanai ne mai MP3 a ciki, tunda faifan sauti ba ya wuce minti 80 a al'ada. Irin wannan kwafa kawai ake yi, kuma mayar da shi FLAC ba zai ƙara masa inganci ba.

Tambaya ta uku daga Kano ta zo, kuma ita ce ta fi damun masu tara waƙoƙin gida. Mai tambayar ya ce faifan waƙoƙin gargajiya da na bege da na karatun Alƙur'ani suna fitowa ba suna, wani lokaci ma da sunan wani mawaƙin Turai, kundi ɗaya yana rabewa gida goma a cikin sabar, kuma haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna komawa alamar tambaya. Yana tunanin sayen manhajar kuɗi.

Malam, yawancin faifan sauti ba sa ɗauke da sunan waƙa ko na mawaƙi sam. Abin da manhaja take yi shi ne ta duba yawan waƙoƙin da tsawon kowace, ta haɗa wata lamba daga gare su, ta tambayi rumbun bayanai a intanet kamar MusicBrainz ko Gracenote ko gnudb, wanda ya gaji freedb bayan an rufe shi a 2020. Idan ba wanda ya taɓa shigar da faifanka, ba za a sami komai ba, idan kuma lambarsa ta yi karo da ta wani faifai, sai a ba ka sunayen da ba naka ba. Manhajar dBpoweramp ta kuɗi tana tambayar rumbuna da yawa a lokaci guda, kuma tana da amfani ga mai faifan ƙasashen waje masu yawa, amma ba za ta samo abin da ba a taɓa rubutawa ba. Ga faifanmu na gida, kai ne za ka rubuta da hannunka, da Mp3tag ko MusicBrainz Picard, kuma ka yi hakan ranar da ka kwashe faifan, tun kwalinsa yana gabanka. Ina roƙon duk mai faifai na asali da ya daure ya shigar da bayanansa a MusicBrainz, wanda kowa yana iya gyarawa, domin waƙoƙinmu da yawa ba su da wata rajista a ko'ina sai kwalin da ke hannun masu su.

Rabewar kundi tana faruwa ne saboda manhajojin sabar waƙoƙi irin su Navidrome suna haɗa waƙoƙi ta bayanan da ke cikin fayil. Akwai gurbin mawaƙin kowace waƙa, akwai kuma gurbin mai kundin gaba ɗaya, wanda manhajojin suke kira Album Artist. Idan na biyun babu komai a cikinsa kuma mawaƙan sun bambanta, sabar takan ɗauki kowace waƙa a matsayin kundi dabam. Ka cika shi da suna ɗaya a duk waƙoƙin, harafi da harafi, domin wanda aka rubuta da Alhaji a wata waƙa aka rubuta shi da Alh. a wata, mutum biyu ne a wurin kwamfuta. Ka cika lambar waƙa da lambar faifai, kuma a karatun Alƙur'ani ka sa lambar sura da sifili a gaba, 001 zuwa 114, don jerin ya tafi daidai. Haruffa masu lanƙwasa kuwa tsohon tsarin rubuta sunaye a cikin fayil ɗin MP3, wato ID3v1, ne yake ɓata su, wanda haruffa 30 kawai yake ɗauka a gurbin suna kuma bai san su ba. A MP3 ka sa Mp3tag ta rubuta sabon tsarin ID3v2.3 da UTF-16, tsarin haruffan da ya san su, ta goge tsohon. FLAC yana rubuta bayanansa da UTF-8, saboda haka Hausa da Larabci duka suna zama lafiya a cikinsa.

Wani kuma daga Jos ya ce ya gyara sunayen amma manhajar sabarsa, Plex, tana nuna na da, yana tambaya ko akwatin NAS, wato na'urar ajiyar fayiloli da ake jonawa da hanyar sadarwar gida, zai warware matsalar. Ba zai warware ta ba, Malam. Ka shiga saitin ɗakin waƙoƙin ka zaɓi fifita bayanan da ke cikin fayil, sannan ka umarci manhajar ta sabunta bayanan kundin, ka ajiye hoton kwalin a cikin foldar da sunan cover.jpg. Kuɗin NAS ɗin gara ka sayi ƙaramar UPS da su, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, domin ɗaukewar wuta lokacin da sabar take rubutu tana iya lalata rumbun bayananta, sai ka sake gina shi daga farko.